Ɗigo Ɗaya a Kan Kwali

Karo na huɗu ke nan da aka dawo mana da jar motar likitan haƙori, kuma tun kafin a sauke ta daga kan janwe na ji bayana ya fara ciwo. Ban ko tashi daga benci ba. Na riga na san abin da zan gani in na leƙa ƙarƙashinta: baƙin mai ya jiƙe gindin inji, yana bin ƙarfe yana ɗiga abinsa.

Motar tsere ce. Mai ita yakan yi mako guda yana cire haƙoran mutane, ranar Asabar kuma ya nufi filin tsere da ke bayan gari ya je neman hanyar zubar da nasa. A filin nan akwai doka ɗaya da ba a roƙo a kanta. Kowace mota sai ta zaga fili sau uku da gudu, sannan a tsayar da ita a kan farin kwali na minti biyar. In aka ja kwalin aka ga ɗigon mai ko guda ɗaya ne, ba za ta shiga tsere ba, don man da ya zuba a kwana shi ke kifar da na baya. Sau huɗu ke nan ana jan kwalin nan daga ƙarƙashin motar likita ana ba shi haƙuri.

Likitan ya fito daga ɗaya motar tasa ta zuwa aiki, ko gaisuwar kirki bai yi ba.

"Baba, ni fa na gaji," ya ce wa yayana. "Mutane har sun sa mini suna Mai Yoyo. Asabar mai zuwa in ta sake ɗiga, ka yi haƙuri, zan kai ta wani wuri."

"Ba za ta ɗiga ba, Likita," in ji Yaya. Haka ya ce wancan karon ma, da wanda ya gabace shi.

Yaya shi ne mai garejin, shi ne kuma ya haɗa injin nan da hannunsa tun daga noti na farko. Ya girme ni da shekara goma sha huɗu. Shekarata ashirin da bakwai ina aiki a ƙarƙashinsa, gemuna ya yi fari, har jika gare ni, amma har yau Auta yake kira na a gaban kowa. A da, duk mai motar gudu a garin nan wurinsa yake zuwa. Yanzu sun watse, sun koma wurin masu jona kwamfuta, motar likita kaɗai ta rage mana cikin tarin tasi-tasi da motocin kai yara makaranta. Ita ce ke fito da Yaya daga gida da safe. Sauran motocin ko kallonsu ba ya yi.

Kallon ma dai sai a hankali. Shekara biyu ke nan idonsa yana dushewa, an yi magani an yi tabarau, abin bai tsaya ba. Da farko sai ya kai sifana bakin hancinsa kafin ya san lambarta, daga baya ya daina wahalar da kansa, sai dai ya ɗaga ta ya ce, "Auta, wannan ta nawa ce?" Ni ke karanta masa geji, ni ke gaya masa ko gasket ya zauna daidai, ni ke nemo masa notin da ya ajiye a gabansa. Ina aikina ina aikin idonsa. Zan faɗi gaskiya, na gaji. Ina son yayana, amma na gaji da shi irin gajiyar da barci ba ya saukewa.

Gajiyar nan ce ta kai ni gidansa bayan dawowar motar karo na uku, a lokacin da na san ba ya nan. Na samu matarsa da babbar 'yarsa, wadda ke aikin jinya a asibiti, na ce musu yoyon nan ba laifin mota ba ne, laifin ido ne. Na ce Yaya na ɗora gasket a karkace, yana ɗaure noti ɗaya ya tsallake ɗaya. Ban taɓa ganin ya yi haka ba. Amma a raina na yarda haka ne, don in ba haka ba, to mene ne? Su kuwa dama dalili suke nema. Sun daɗe suna fama da shi ya zauna a gida kafin wata rana jak ya sauke masa mota a ƙirji.

Ranar Litinin da rana sai ga 'yar tasa ta shigo gareji da fararen kayan aikinta, tana zaɓen inda za ta taka.

"Baffa, sannu da aiki," ta ce mini, sannan ta juya wurin ubanta. "Baba, har yaushe za mu yi ta wannan? Motar mutane sau huɗu tana dawowa. Kowa ya san dalili, kai kaɗai ne ba ka sani ba."

"Wane ne kowa?"

Na cusa kaina cikin bonet ɗin wata tasi da babu abin da ya same ta.

"Ba sai na kira suna ba. Idonka ba ya gani, Baba. Ba abin kunya ba ne."

Yaya ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"To shi ke nan, Mamana," ya ce. "Ga baffanki nan shaida. In motar nan ta ɗiga ranar Asabar, ko ɗigo ɗaya ne, na ajiye sifana na zauna muku a gida. In kuma ba ta ɗiga ba, kada wanda ya sake tayar mini da maganar nan."

"Ka tabbata, Baba?"

"Kin taɓa jin na yi magana biyu?"

Bai taɓa ba. Tun ina yaro wannan hali nasa ke ba ni haushi, don mutum irin wannan ba ka samun inda za ka kama shi.

Kada wani ya ce na yi wa aikin zagon ƙasa. Ban yi ba. Rabin zuciyata na so motar ta ɗiga in huta, kuma kunyar wannan rabin ce ta sa na yi aiki a makon nan kamar zan kashe kaina. Na wanke injin tas da fetur da sabulu, na bar shi ya bushe. Washegari na ɗauko gwangwanin hodar jikata daga kan madubin matata, don haka muke kama yoyo: ka baɗe busasshen inji da hoda ya yi fari fat, ka tayar da shi, duk inda mai ya ɓullo sai ya ja baƙin layi ya nuna kansa.

"Ina za ka da hodar yarinya?" matata ta tare ni a bakin ƙofa.

"Mota zan shafa wa."

"Allah Ya ba ta miji nagari. Ka dawo mini da gwangwanin, na san ka."

Ban dawo da shi ba, don injin ya shanye shi duka. Da muka tayar na taka totur na ɗan lokaci, sai ga siririn layi ya sauko daga can baya, daidai inda inji ya haɗu da giya. Babban sil ɗin baya ke nan, robar da ke hana mai bin ƙarfen da ke juyawa. Duk makanike ya san ma'anar wannan wuri. Robar kanta ba ta cika tafin hannu biyu ba, amma kafin ka kai gare ta sai ka sauke giya gaba ɗaya. Na zauna a bakin ramin da muke shiga ƙarƙashin mota na yi tsaki mai tsawo.

Abin da ya fi cin raina shi ne, kowane karo wurin daban ne. Karon farko murfin sama ne, muka sauya gasket. Na biyu kwanon ƙasa inda mai ke kwanciya, muka sauya, muka ƙara da gam. Na uku sil ɗin gaba. Ka toshe nan, ya ɓulle can. Na fara yi wa motar magana ina zaginta a hankali don kada Yaya ya ji, shi da ba ya son a taɓa masa ita.

Ranar Laraba ina cikin rami, giya na kan kafaɗata, mai na ɗiga mini a kunne, sai na ji muryar Yaya daga sama.

"Auta, injin nan yana numfashi kuwa?"

Inji irin wannan, in yana gudu sosai, iska mai zafi takan taru a cikinsa, can inda mai yake. Dole a bar mata hanyar fita. Wani ɗan tiyo ne ake ja daga injin zuwa wani ƙaramin gwangwani, iskar ta wuce, man da ta ɗebo ya tsaya a gwangwanin. In hanyar nan ta toshe, iskar sai ta nemi ƙofa da kanta, ta tura mai ta duk inda ta ga sako-sako. Wannan karatun farko ne, a shekarar da na fara riƙe sifana ya koya mini shi. Shi ya sa tambayar ta ɓata mini rai.

"Na duba," na ce.

"Har tiyon ka bi?"

"Yaya, na ce na duba. Ko in fito ka shigo ka riƙe giyar?"

"A'a. Tunda ka duba."

Ban duba ba. Na ce a raina in na fito zan leƙa. Da na fito bayana ya ƙi miƙewa, ga mai tasi ya zo yana hayaniya a kan birki, maganar ta bi iska.

Sabon sil ɗin Yaya ya ce shi zai sa da kansa. Na riƙe masa hannu ya sauka ramin a hankali, ya shafa wa robar mai, ya bi gefenta da yatsa sau biyu, ya riƙa buga ta kaɗan-kaɗan yana zagayawa, idonsa a rufe ma. Da ya gama na haska tocila ina neman inda ya karkace. Ban samu ba. Ko ni mai ido biyu ban isa in zaunar da shi haka ba, kuma ban ji daɗin hakan yadda ya kamata in ji ba.

Ranar Juma'a muka mayar da giya. Na shimfiɗa kwali a ƙasa, muka bar injin yana aiki rabin awa. Kwali fari tas. Na zaga da motar unguwa na dawo, babu ko alama. Sai dai a titin gari, tsakanin masu babur da masu tsallaka hanya, wa ya isa ya taka ta irin takun filin tsere? Na san da haka, Yaya ma ya sani, babu dai wanda ya faɗa.

Ranar Asabar Yaya ya zo da wankakkun kaya har da guga. Muka tsaya a jikin shingen fili, rana na dukan mu, ƙarar injuna ta cika kunne. Shi ba ya ganin motocin, sai dai ya karkata kai.

"Ga ta nan," ya ce, tun kafin ni in hango ja. "Ji yadda take ja. Likita dai ba zai taɓa koyon sauya giya a kan lokaci ba."

Yana murmushi. Rabon da in ga haƙoransa haka har na manta.

Bayan zagaye na uku aka tsayar da ita a kan kwali. Mai duba motocin wani siriri ne mai riƙe da agogo, fuskarsa ba ta nuna komai. Na durƙusa nesa kaɗan ina leƙe. Minti ɗaya, biyu, uku. Har na fara sakin numfashi. A na huɗu na ga wani abu yana ƙyalli a gefen injin, ya taru, ya yi nauyi, ya saki.

"Auta, me ka gani?"

Na ci gaba da leƙen kwalin.

"Auta."

"Ɗaya ne, Yaya. Ƙarami."

"Daga baya?"

"A'a, naka sil ɗin a bushe yake. Daga murfin sama ne kuma."

Ya gyaɗa kai. "Ɗaya dai ɗaya ne," ya ce.

Likita ya cire hular kwano ya jefa cikin mota. Bai yi faɗa ba, shi ma ya gaji da faɗan. Ya ce mu tafi da ita, ranar Talata zai aiko a ɗauke ta. A hanyar dawowa na yi ta jiran in ji sauƙin da na daɗe ina nema, bai zo ba.

Ranar Litinin da safe ya zo kwashe kayansa. Babu wani abu mai yawa: tsohuwar rigar aiki, kofin shayinsa, da sifana uku da ya ce tun na ubangidansa ne. Sauran duk ya bar mini. Ya ce 'yarsa za ta biyo ta ɗauke shi da rana. Ya zauna a benci da jaka a kan cinya kamar mai jiran mota a tasha, ni kuma na rasa inda zan sa kaina.

Can sai ya ce, "Tayar mini da jar motar nan in ji muryarta."

Na tayar. Ya taso yana lalube ya dafa gefen motar, ya tsaya yana saurare. Ban san abin da ya zo masa a rai ba, sai na ga ya kai hannu ya kwance murfin zuba mai, ya ɗora tafinsa a bakin ramin.

"Taka totur."

Na taka.

"Ƙara."

Daga inda nake zaune na ga tafin nasa yana ɗagawa, iska na huci ta tsakanin yatsunsa tana fesa masa mai har wuyan hannu.

"Kashe," ya ce.

Bai jira injin ya huce ba. Ya zura hannu ta bayansa, can lungun da ke tsakanin inji da jikin mota, inda ko tocila ba ta kaiwa sosai. Ya lalubo tiyon numfashi ya riƙa bin sa da yatsu. Ya jawo shi waje. Babu gwangwani a ƙarshensa. Wani dogon noti ne aka cusa a bakin tiyon, aka ɗaure da waya tamau.

Ina ganin notin nan na tuna. Wata biyar da suka wuce, ranar da aka kai Yaya asibitin ido, gwangwanin ya tsage yana yoyo. Likita zai yi doguwar tafiya, yana so a kai masa motar gida a ajiye, yana ta ƙorafi kada ta ɓata masa tayil. Na cire gwangwanin na jefar, na toshe tiyon da noti na tura shi baya, na ce zuwa gidansa tafiyar minti goma ce, in ya dawo sai in sa sabo. Ya yi wata biyu bai dawo ba. Motoci nawa suka shiga hannuna a tsakani, Allah kaɗai Ya sani. Da yoyo ya fara, ko sau ɗaya hankalina bai koma wurin ba, don na riga na samu wanda zan ɗora wa.

Yaya yana ta shafa wayar da babban yatsa. Ni bahago ne, in na murɗa waya baibai take tafiya, duk garejin babu mai irin murɗina.

"Yaya, ni ne."

"Na ji a hannuna."

"Wallahi mantawa na yi. Bari in kira Likita yanzu. 'Yarka ma in ta zo zan gaya mata komai, alƙawarin nan bai hau kanka ba."

"Likita dai ka kira shi. Ka sa masa gwangwani, aikin minti goma ne, motarsa ta huta. Yarinyar kuwa ka ƙyale ta."

"Don me? Ba laifinka ba ne!"

Ya nemi filaya na miƙa masa. Ya warware wayar a hankali, ya zare notin, ya goge shi da tsumma.

"Auta, shekara biyar baya da ba zan tambaye ka ba, da kaina zan leƙa. Gwangwani guda ya ɓace daga injin da na haɗa da hannuna, ina tsaye a kansa kullum ban ga babu shi ba. Me za ka gaya wa yarinyar nan da ya fi wannan?"

Na so ya zage ni, ko ya jefe ni da notin yadda yake jifa na da tsumma ina yaro. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ajiye notin a kan teburin aiki, ya koma benci ya ɗauki jakarsa.

"Mantuwa kowa na yi," ya ce. "'Na duba' ɗin nan ce dai."

Bai ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba. Na shiga sito na ɗauko wani gwangwani da ke nan tun bara, na jona tiyon, na ɗaure. Bai ma kai minti goman ba. Na sauya gasket ɗin murfin sama, na tayar da injin na taka shi har gilashin taga na rawa. Yaya bai taso ba, sai dai daga benci ya ce, "Yanzu ta samu kanta."

Da rana 'yarsa ta iso. Ta karɓi jakar, ta riƙe masa hannu ya tsallake tiyon iska da ke ƙasa, ta zaunar da shi a gaban mota ta rufe ƙofa. Na biyo su har bakin titi, maganar na bakina, ina juya ta ina neman ta inda zan fara. Kafin in samu sai ta dawo inda nake, ta ɗan rusuna.

"Baffa, Allah Ya saka maka da alheri," ta ce. "Da ba ka zo gida ka faɗa mana gaskiya ba, da har yanzu muna nan muna fama da shi."

Gilashin gefen Yaya a sauke yake, kunnensa kuwa babu abin da ya taɓa samun sa. Bai juyo ba. Ta tsaya tana jira in amsa, ni kuma na ce amin.